Yaya Sale, Na Sayar da Lemarka

Zuwa ga yayana Salihu, wanda mutanen Tiga suka fi sani da Sale Mai Lema.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi daga ƙani zuwa ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, Ya yalwata maka makwancinka. Inna tana nan da sauƙi, sai ciwon gwiwar da ka bar ta da shi. Gonar bakin ruwa ma tana nan, bana albasa muka zuba.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Na rubuta ta ne a shafina inda kowa zai gani, domin na kasa faɗar maganar nan ga mai rai ido da ido, kuma ina so masu rai su ji. Kai kaɗai ne idan na fara yi wa bayani ba sai na tsaya neman kalma ba.

Yaya, na sayar da lemarka. Ba sayarwar ce ta hana ni sukuni ba. Na sayar da ita ne a kan ƙarya, kuma mutumin da ya saya yana shirin hawa dutse ya saki jikinsa a kanta. Yau kwana goma sha ɗaya ina nemansa ban same shi ba.

Ka tuna yadda ta shigo gidanmu? Wani Bature injiniya ya zo duba hanyoyin ruwan rani, ya sauka a tsohon otal ɗin nan na bakin tafkin Bagauda, kai kuma kana yi masa gyaran mota. Wata ranar Lahadi ka gan shi ya shimfiɗa wani dogon ƙyalle mai shuɗi da ɗorawa a fili, ya ɗaura igiyoyinsa a ƙugu, iska ta cika shi ya miƙe a kansa. Ya ce maka ba irin lemar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi ba ce. Ita wannan, mutum ne ke hawa tudu da ita, ya sheƙa a guje, iska ta ɗauke shi ya yi ta shawagi babu inji babu mai. Da zai koma ƙasarsu ya ce ta kwana biyu, ba zai ɗauke ta ba. Ka sayar da babur ɗinka ka saya, shi kuma ya yi sati uku yana koya maka kafin ya tafi.

Ranar ka dawo gida a ƙafa da ƙatuwar jaka a baya. Inna ta tambaye ka ina babur, ka nuna mata jakar. Ta ce to Allah Ya sa a cikinta za ka riƙa kai ta asibiti.

Ni ne na fi kowa yi maka dariya, ba sai na tuna maka ba. Ni na laƙaba maka Direban Iska. Duk yamma ka fita fili kana guje-guje, lema na binka tana faɗuwa, ni kuma ina kan kututture ina tambayarka ko in kawo maka fasinja. Ba ka taɓa yin fushi ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Sai dai ka tsuguna ka tsinki busasshiyar ciyawa, ka watsa sama ka ga inda ta nufa, ka ce iska ba ta zo ba tukuna.

Sau ɗaya na ga ta ɗauke ka. A gangaren nan ne na bayan tafki, da hantsi. Ka yi gudu kamar kullum, sai kawai na ga ƙafafunka suna ta gudu amma ba sa taɓa ƙasa. Ba ka wuce tsayin ɗaki ba, kuma ba ka fi ƙirgen ashirin a sama ba, ka sauka cikin fangalin albasar mutane. Na iso ina haki na tarar da kai zaune cikin caɓi kana murmushi. Abin da ka ce mini har yau yana kunnena.

"Iliya, can sama babu ƙara. Shiru ne kawai, sai iska."

Ban yi dariya ba ranar. Amma ban faɗa maka cewa tsigar jikina ta tashi ba, ga shi yau na faɗa.

Dokokinka uku ne a kanta, har na haddace su don in riƙa kwaikwayon muryarka. Kada a bar ta a rana, kada sabulu ya taɓa ta, kada kowa ya taɓa igiyoyinta. Ka taɓa zuba mata ruwa a gabana, ya tsaya ɗigo-ɗigo kamar a kan ganyen gwaza. Sannan ka kafa bakinka a jikin ƙyallen ka hura har idanunka suka yi ja, iska ba ta wuce ba. Ka ce duk ranar da numfashin mutum ya ratsa ta, to ta mutu, ko da kalarta tana ɗaukar ido. Na ce to Allah Ya ba ta tsawon rai, na tashi na ba ka wuri.

Burinka duwatsun Riruwai ne, can ƙasar Doguwa. Kullum maganarka idan ruwa ya ɗauke za ka je. Damina ɗaya ta wuce ka ce hannunka bai faɗa ba, ta biyu ta kama, sai ciwon nan ya kwantar da kai. Idanunka suka yi ɗorawa, cikinka ya kumbura, cikin wata biyu muka kai ka makwancinka. Jakar tana rataye a ɗakinka, ba wanda ya iya kallonta.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba.

Ranin da ya biyo bayan rasuwarka tattasai ya yi yawa har kasuwa ta ƙi shi. Kowa ya koma shanya, tamfol ya yi wuyar samu, namu kuma duk ya yayyage. Ina tsaye ina kallon tattasai yana ruɓewa a kwando sai jakarka ta faɗo mini a rai. Na ce da kaina kwana biyu ne kawai. Na shimfiɗa ta a bayan gida, ta ɗauke kwando takwas ba ta cika ba, ga santsi, ga ba ta riƙe ƙasa. Maƙwabta suka ce ashe dai Sale ya bar abin amfani. Wallahi har daɗi na ji da suka faɗi haka, na ɗauka na wanke ka daga dariyar mutane.

Kwana biyu suka zama rani biyu. Tattasai, attaruhu, tumatir, har kuɓewar Inna, babu abin da bai bushe a kanta ba. Rana ta dake ta tun safe har la'asar. Da damina kuma na cusa ta a ɗakin ajiya kusa da buhunan masara, ɓeraye suka same ta. Suka huda gefe ɗaya, suka cinye igiya shida a ɓangaren dama.

Ka san hannuna. Tun da ruwan dam ya cinye tsohon garinmu aka dawo da su Baba nan, da ɗinkin ragar kamun kifi ya ciyar da mu, kuma ni na gaje shi, kai ka gudu gareji. Na samo zaren raga mai kauri ɗaya da naka, na rina shi ya yi kala, na ƙulla irin ƙullin Baba wanda sai ka shafa da yatsa za ka san yana nan. Inda ɓera ya huda na yanke gefen da ya zagwanye, na liƙa facin da na tarar a aljihun jakarka. Da na gama na ja baya na duba, na yaba wa kaina. Har cewa na yi da kana nan da ba za ka gane ba.

Farkon daminar bana injin ban ruwanmu ya mutu, ita kuma Inna ta ce in fitar mata da jakar nan daga gida, duk shigarta ɗakin ajiya sai ta fito da hawaye. Na kai wa Garba dillali a Kwanar Dangora, wanda ke harkar tsofaffin injuna da babura. Ya yi dariya ya ce ya sayar da abubuwa da yawa a duniya amma bai taɓa sayar da jirgi ba. Ya ɗauki hotonta ya saka a waya. Ni kuwa na koma gida na jiƙa ta da garin sabulu na dirje ta sarai don warin tattasai ya fita. Ka ga ke nan dokokinka uku babu wadda na bari.

Bayan sati biyu Garba ya kira ni ya ce mai saye ya zo.

Da ka gan shi, Yaya, da ka so shi. Dogo ne siriri, zai kai shekara arba'in, yana da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da baƙin zare. Ya zo a kan jan babur. Ya ce sunansa Malam Isiyaku, yana koyar da kimiyya, kuma ya shekara yana kallon masu tashi da irin wannan lema a waya. Muka shimfiɗa ta a bayan rumfar Garba, ya cire takalmi kafin ya matso kusa, kamar yadda kake yi. Yana buɗe ta ya hau atishawa. Na ce kusa da madafi ake ajiye ta, ya yi dariya ya share ido.

Ya shafa ta daga wannan baki zuwa wancan. Ya ga facin, na ce kai ka yi shi da hannunka. Ya bi igiyoyin da kallo, bai bi su da yatsa ba. Sannan ya ɗago ya dube ni ta cikin tabarau ya yi mini tambaya guda.

"Ɗan'uwa, don Allah, an taɓa barin ta a rana, ko an taɓa igiyoyin nan?"

Na ce, "Tun da mai ita ya rasu tana cikin jakarta."

Ban san daga ina maganar ta fito ba, ko in ce na sani. Ba kuɗin ne kaɗai ba. Kunya ce ta kama ni. Ga mutum ya cire takalmi don girmama abin da ka bari, yaya zan buɗe baki in ce masa ni ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya na mai da shi abin shanyar kuɓewa? Kuma a raina na ce shi ma guje-guje zai yi a fili har ya gaji, wa zai yi haukar faɗowa daga kan dutse? Ya yi maka addu'a mai tsawo, ya ce zai riƙe amanarka. Ya ce yana da 'ya mai shekara bakwai, Hafsatu, ya yi mata alkawarin da zarar ruwa ya ɗauke an gama girbi za ta ga babanta a sama, a duwatsun Riruwai. Na ce Allah Ya nuna mana. Da bakina na faɗi haka, na kuma taya shi ɗaure jakar a bayan babur.

Wata uku na yi ban waiwaya ba. Na sayi inji, na shiga harkokina.

Ranar Juma'ar waccan da safe na tarar da Inna tana dama kunu. Na ga wani shuɗin ƙyalle a bakin kwano, ta zuba jiƙaƙƙiyar tsamiya a kai, ruwan yana zuba ta ƙasa sululu. Na tsaya ina kallo. Guntun nan ne da na yanke daga jikin lemarka, ta tsince shi a ɗakin ajiya ta wanke. Ta ce ai ya fi matacinta kyau, ko matsawa ba sai ta yi ba.

Na karɓa na ɗauraye, na kafa bakina na hura. Yaya, ko yunƙuri ban yi ba. Numfashina ya fita ta ɗaya gefen har na ji shi a tafin hannuna.

Na ɗauko ragowar zaren ragar na ƙulla irin ƙullin da na yi, na rataya a reshen mangwaron tsakar gida, na ɗaura masa rabin buhun masara. Ya ɗan miƙe, ya yi tsayi, ya riƙe. Na fara cewa alhamdu lillahi, sai na ɗan fizge shi kamar yadda na ga iska tana fizgarka. Ya tsinke daidai kan ƙullin, masara ta watse kaji suka taru. Na zauna a ƙasa.

Na faɗa wa Inna komai, ban rage ko ɗaya ba. Na so ta zage ni ko ta ɗaga hannu, ba ta yi ba. Ta ajiye ludayi ta ce da ni, "Nawa ɗan ciwon Allah ne ya ɗauke shi, na yi haƙuri. Kada ka sa wata uwar ta binne nata da aikin hannunka. Tashi ka nemo ɗan mutane." Tun ranar ban sake kwana biyu a jere a gida ba.

Garba ya ba ni lambar da mutumin ya kira shi da ita. Na kira ta fi sau ɗari, kullum a kashe. Na aika saƙo babu alamar ya shiga. Garba ya ce shi bai tambaye shi garinsu ba, ya dai ga ya yi kudu. Ya ce in kwantar da hankalina, ciniki ya riga ya faɗa, kowa da ƙaddararsa. Ni ma da haka na yi ta lallashin kaina wata uku.

Na bi makarantun Tudun Wada ɗaya bayan ɗaya ina tambayar Malam Isiyaku mai kimiyya. An nuna mini Isiyaku uku. Ɗaya gajere ne mai Larabci, ɗaya ya yi ritaya, na ukun ya ɗauka ɗan damfara ne ni. Na ratsa dajin Falgore na shiga Doguwa, na tambayi 'yan acaɓa da masu shayi da masu faci. Idan na ce ina neman mutum mai lemar tashi sama sai su kwashe da dariya, wani ya ce ko in bar masa lambata idan ya gan shi ya wuce ta saman rumfa. Irin dariyata ce sak, Yaya. Yanzu na san yadda take a kunne, kuma ban san yadda ka jure ta shekara biyu daga bakin ƙaninka ba.

Shekaranjiya na iso Riruwai. Ashe ba dutse ɗaya ba ne. Ka riƙa cewa duwatsun Riruwai, ni kuma ina jin kamar wani tudu ne guda da zan tsaya a gindinsa in tare hanya. Duk inda na juya dutse ne, wani bayan wani, kowanne da hanyoyin hawansa. Na tsaya a tsakiya na ji kuka ya zo mini, ni da ban yi kuka a jana'izarka ba don kada Inna ta gani.

Jiya da hantsi na haɗu da wani dattijo Bafulatani yana kiwo a gindin wani dutse. Na gaishe shi na yi masa bayani, shi bai yi dariya ba. Ya ce kwana uku da suka wuce ya ga wani dogo mai tabarau ya ajiye jan babur a ƙarƙashin ɗorawa ya hau sama. Ba ya ɗauke da kaya. Ya ce abin da ya ba shi mamaki, mutumin ya daɗe a tsaye yana tsinkar busasshiyar ciyawa yana watsawa sama, yana kallon inda ta nufa. Da ya sauko ya tambayi dattijon wane lokaci iska ta fi zuwa daga gabas, sannan ya ce akwai wasu duwatsu biyu da yake so ya duba kafin ya zaɓa.

Yana da rai ke nan, zuwa kwana huɗu da suka wuce. Na riƙe hannun dattijon nan na kasa saki. Amma ruwa ya ɗauke, Yaya. An yanke masara, dawa ta sunkuya. Duba wuri ya zo yi, zuwansa na gaba da jakar zai zo, wataƙila da yarinyar a gaban babur. Duwatsu uku ne, ni kuma mutum ɗaya. Dattijon ya yi alkawarin tsare wannan idan ya kawo shanu, ni zan riƙa zagaya sauran, sai dai ban ma tabbatar waɗanne biyun yake nufi ba.

Shi ya sa na nemi inda sabis ke kamawa na zauna ina rubuta maka wannan. Na san masu karantawa za su gane ni, za su san Iliya ɗan gidan mai ɗinkin raga maƙaryaci ne. Su sani ɗin. Kunyar da na guje wa a bayan rumfar Garba ga ta nan na shimfiɗa a rana kowa ya gani. Ina so duk wanda ya kai nan a karatu ya tuna dogon malami mai tabarau ɗaure da baƙin zare, mai jan babur, mai 'ya Hafsatu, mai ƙatuwar jaka a baya. Wanda ya san shi ya je gidansa yau, kada ya bari sai gobe. Wanda ya gan shi a hanya ya tare shi, ya riƙe jakar ko da za su yi faɗa. A ce masa wanda ya sayar masa ya yi ƙarya. A ce masa ta sha rana rani biyu, ta sha sabulu, igiya shida na dama zaren kamun kifi ne. Idan bai yarda ba ya kafa bakinsa a jikinta ya hura.

Yayana, ka yafe mini. Ka yafe mini dariyar, ka yafe mini tattasan, ka yafe mini da na jingina maka facin da ba kai ka yi ba alhali kana kabari ba ka da bakin musu. Na yi kewarka ƙwarai. Da kana nan da tuni ka san dutsen da mai hankali zai zaɓa, ka ɗauke ni a baya mun je mun jira shi. Guntun ƙyallen yana aljihuna, har yanzu yana ƙanshin tsamiya, ina taɓa shi ina jin kamar hannun rigarka na riƙe.

Ya Allah Ka jiƙan Salihu, Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da Baba a Aljanna. Ya Allah Ka tsare bawanKa Isiyaku, Ka mayar da shi ga 'yarsa da ƙafafunsa. Ka sa tayarsa ta yi faci, Ka sa aiki ya riƙe shi, Ka sa wani ya kai masa maganar nan kafin ya hau. Kada Ka kama shi da laifina.

Shekara biyu na gan ka kana watsa ciyawa kana roƙon iska ta zo, Yaya. Ni ma yanzu na tsinki ciyawa na watsa. Ta yi yamma, a hankali, irin yadda kake so. Ina roƙon Allah Ya tsayar da ita har sai na same shi.

Wassalam.

Ƙaninka mai neman gafararka,
Iliya,
daga gindin wani dutse a Riruwai.